Tukunyar Jiƙo A Ɗakin Mai Ciki

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san 'yar tukunyar nan da akan ajiye a bayan ƙofa ko a ƙarƙashin gado in mace ta sami ciki. A ciki akwai saiwa da sassaƙe an jiƙa, ruwan ya yi ja ko baƙi, mai ciki tana kamfata da ludayi safe da maraice tana yamutsa fuska don ɗaci. Ba a ƙauye kaɗai take ba. Malamai da akawuna da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida, in sun tashi aiki yau suka koma gida suka duba, za su same ta. Waɗansu sukan yi faɗa su ce jahilci ne, a zubar. Waɗansu sukan kau da kai su ce sha'anin mata ne, ba ruwan namiji. Mu a ganinmu duka biyun sun yi kuskure, don ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Maganar ba ƙarama ba ce. Hausawa sun ce haihuwa yaƙin mata, yaƙin nan kuwa har yanzu ana kashe mu a cikinsa. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan a shekarar 2018 ya nuna haihuwa 59 cikin 100 a gida aka yi su, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa haihuwa wajen 16 kaɗai cikin 100 aka yi a asibiti. Ke nan galibin matanmu a ɗaka suke durƙusawa, abin da ke kusa da su kuwa a wannan lokaci shi ne tukunyar nan da tsohuwar da ta jiƙa ta.

To, me ya sa suke sha?

Dalili na farko shi ne tsoro, tsoro kuwa mai tushe. Babu matar da ta kai munzalin aure ba ta san wadda ta tafi a kan gwiwa ba, ko 'yar'uwa, ko ƙawa, ko maƙwabciya. Mace mai ciki tana kwana tana tashi da wannan tunani. In uwarta ko uwar mijinta ta miƙo mata ƙoƙo ta ce, "Sha, 'yar nan, naƙuda ta zo miki da sauƙi," wace ce za ta ture? Ai tsohuwar nan ta haifi takwas ko goma, ga ta da rai, ga 'ya'yanta sun girma. Ita ce shaidar maganin. Waɗanda suka sha irinsa ba su tashi ba, ba su nan balle su ba da nasu labari.

Na biyu shi ne yadda mutanenmu suka fahimci ciki. Tun kaka da kakanni an ɗauka akwai wani abu da ake kira zaƙi, wanda yake taruwa a marar mace in tana shan rake da zuma da sukari, in bai fita ba sai ya tare hanya naƙuda ta yi tsawo. Saboda haka in ciki ya tsufa sai a shiga ba ta maganin zaƙi, galibinsa mai ɗaci, wani kuma mai sa gudawa. Haka kuma ana tsoron shawara, a ba ta rawaya. Ana tsoron iska da maita da bakin mutane, a yi turare, a karɓo rubutu. In ta haihu ana tsoron sanyi ya shige ta ta kumbura, sai a shiga wankan jego da ruwa mai ƙuna da ganyen darbejiya ko na tsamiya ko sabara har kwana arba'in, a dama mata kunun kanwa, a daka mata yaji da citta da kimba da masoro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da cutar da aka nufe shi da ita. Wanda ya yarda akwai cutar, lalle zai nemi maganinta.

Na uku shi ne kunya. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗi ko ga uwarta tana da ciki, sai dai a gani. In wata ya kusa a kai ta gidan iyayenta goyon ciki. In naƙuda ta taso ta cije ta yi shiru, don kuka a kan gwiwa abin gori ne har tsufa. Yarinyar da aka yi wa wannan tarbiyya, yaya za ta yi ta kwanta gaban baƙo, wataƙila ma namiji, ta buɗe jikinta? Jiƙo ba ya tambayarta kome, ba ya sa ta tuɓe.

Na huɗu shi ne kuɗi da nisa. Saiwa tana bayan gari, ko a kasuwa a tabarmar 'yar mai ganye, wadda takan ba da bashi, takan kuma karɓi ko da tiyar dawa. Ungozoma maƙwabciya ce, ladanta sabulu da hatsi da ɗan abin da aka samu ranar suna. Asibiti kuwa sai an hau mota, a yanki kati, a biya kuɗin gwajin jini da na hoto, a sayi safar hannu da auduga, ko da a jihohin da aka ce haihuwa kyauta ce. In damina ta yi ƙarfi hanya ta yanke, ko in dare ya yi a wurin da ba a iya fita saboda ɓarayi, magana ta ƙare.

Na biyar, wanda ba mu so mu faɗa amma tilas ne, shi ne halin waɗansu ma'aikatan asibiti. Mun san akwai nas-nas da ungozomomin asibiti masu haƙuri, waɗanda suke kwana a tsaye, mace ɗaya a kan masu naƙuda goma. Allah ya saka musu. Amma akwai masu tsawa da zagi, masu yi wa 'yar ƙauye kallon banza don zanenta ya tsufa. Matar da aka wulakanta sau ɗaya ba ta komawa, sa'an nan za ta gaya wa matan unguwa duka a gidan suna. Tsohuwar gida kuwa tana kiranta da sunan da uwarta ke kiranta, tana riƙe mata ƙugu, tana yi mata sannu.

Dalili na shida mu ne, maza. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da iznin miji, ba ta kuma da kuɗin kanta. In maigida ya tafi cin rani, ko yana ofis, ko yana zaure yana hira, naƙuda kuma ta tsananta, matan gida ba su da ikon ɗaukarta zuwa ko'ina. Abin da ke cikin ikonsu shi ne su ƙara mata wani ƙoƙon. In muka haɗa dalilan nan shida sai mu ga abu ɗaya: jiƙo yana zuwa har ɗakin mace ya same ta, asibiti kuwa yana zaune yana jira a kawo ta, mai kawowar kuwa sau da yawa ba ya nan.

Kada a ɗauka muna cewa itatuwa banza ne. Allah bai halicci tsiro don wasa ba, likitoci ma sun sani. Kwinin da aka daɗe ana kashe zazzaɓi da shi daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yanzu daga wata ciyawa ce ta ƙasar Sin, dangin tazargade, matar da ta gano shi kuwa an ba ta lambar Nobel a 2015. A Abuja, masana na cibiyar binciken magunguna ta Gwamnatin Tarayya sun haɗa maganin sikila mai suna Niprisan, a cikinsa har da kanumfari da masoro da karan dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a cikin shawarwarin da ta fitar a 2016 game da kula da masu ciki, ta ambaci citta cikin abubuwan da ke rage tashin zuciyar farkon ciki. Miyar zogale da ta kuka da dabino da wake duk abinci ne mai gina jikin mai ciki da mai jego. Wanda ya ce a zubar da waɗannan duka, bai san abin da yake faɗa ba.

Amma akwai wani labari daga Turai da ya kamata kowa ya ji. Can ƙasarsu akwai wani hatsi mai kama da alkama, wanda wani baƙin abu kamar burtuntunar dawa yakan fito a zangarniyarsa. Ungozomominsu na dā sun gane in aka daka shi aka ba mai naƙuda, mahaifa takan matse, haihuwa ta zo da sauri. A 1808 wani likita a Amurka ya rubuta yana yabon garin nan, likitoci suka rungume shi. Ba a yi shekara 20 ba sai aka lura jarirai suna fitowa matattu fiye da dā, har wani babban likita na New York ya ce garin mutuwa ya kamata a kira shi. Dalili kuwa, ƙarfinsa ba daidai yake ba, na wannan gona ya fi na waccan, in kuma ya yi yawa mahaifa takan ƙulle ta shaƙe yaro, ko ta fashe. Sai a 1935 waɗansu masana a Ingila suka tace ainihin abin da ke aiki a cikinsa, suka san awonsa. Suka kuma tabbatar lokacinsa bayan yaro ya fito ne, don tsai da jini. Tun daga nan ya ceci matan da ba su ƙidayuwa. Maganin bai sāke ba. Awo da lokaci su ne suka raba shi da dafi.

Wannan shi ne ciwon tukunyarmu. Wa ya auna abin da ke cikinta? Saiwar da aka tono da rani da wadda aka tono da damina ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Jiƙon kwana ɗaya da na kwana bakwai ba ɗaya ba ne. Mai sayarwa ya ce a sha ludayi, ludayin wani gida kuwa ya yi biyun na wani. Maganin da ke sa naƙuda ta yi zafi yana iya taimakon macen da hanyarta a buɗe take. Amma in yaro ya zo a gicciye, ko kansa ya fi ƙugun uwar, musamman yarinya ƙarama mai cikin fari, ƙara wa naƙuda ƙarfi kamar dukan jakin da aka ɗaure ne a turke. Ko mahaifa ta fashe, ko yaro ya mutu a ciki, ko kansa ya daɗe yana danne mafitsara har ta huje, yarinya ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya ke shakka ya je asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga 'yan mata nawa ke jiran ɗinki. Haka nan kuma yankan gishiri da akan yi da aska in naƙuda ta yi tsawo yana jawo irin wannan yoyo. Kuma kada mu manta, allurar naƙuda da waɗansu masu kemis ke zuwa gida su yi wa mace ba tare da sanin yadda yaro ya kwanta ba, haɗarinta ɗaya ne da na jiƙo, ko ma ya fi.

Abin da ya fi wannan ɓarna kuwa shi ne jinkiri. Mace ta ga ruwa yana zubo mata tun watanta bai kama ba, sai a ce madalla, zaƙi ne yake fita, a ƙara mata magani, alhali kuwa faya ce ta fashe, ƙwayoyin cuta suna samun hanyar shiga. Mace ta kumbura, kanta yana sarawa, idonta yana ganin dishi-dishi, daga baya ta faɗi tana jijjiga, sai a ce iska ce, a kawo garwashi a yi turare. Wannan kuwa hawan jini ne na ciki, kuma yana da allura mai araha da ake kira magnesium sulphate, wadda babban binciken da aka fitar a 2002 ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Mace ta haihu jini ya ɓalle, a tsaya ana jiƙa wani abu, alhali jinin haihuwa yana iya ƙarar da mace cikin awa biyu. A irin waɗannan, ko da jiƙon ruwa ne zalla bai cuce ta ba, lokacin da aka ɓata ana jiran aikinsa shi ne ya cuce ta.

A nan Arewa aka tabbatar da wannan. Daga 1976 zuwa 1979 likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka rubuta yadda kowace ta ƙare. Mafi yawa ƙwarai na matan da suka rasu, waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su bayan abu ya ɓaci. Binciken ya kuma nuna matan da suka yi makaranta sun fi tsira da kansu da 'ya'yansu. Malaman makaranta su riƙe wannan, don yarinyar da ke zaune a aji yau ita ce mai jegon gobe.

Game da wankan jego da kunun kanwa, a Zariya dai har wa yau, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun fitar da rahoto a 1978 a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka kumbura, numfashi ya gagare su. Sun danganta abin da yawan gishirin da ke cikin kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Likitocin zuciya na Kano da suka sāke bincike daga baya sun ga ba waɗannan kaɗai ba ne, akwai talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini. Duk da haka ba wanda ya ce kanwa mai yawa tana da amfani ga macen da jininta ya hau. Abin tausayi a nan shi ne, in mai jego ta fara kumburi sai a ce sanyi ne ya kama ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa, watau a ƙara mata abin da ya fi cutar da ita. Ruwa mai ɗumi ya isa wanka. Kunu ba kanwa ma kunu ne.

In wani ya ce al'ada ba ta sākewa, sai mu tambaye shi darbejiya. Kakannin kakanninmu ba su san ta ba, daga ƙasar Hindu asalinta yake, a zamanin Turawa aka baza ta a garuruwanmu. Yau ga ta a cikin tukunyar wankan jego kamar tun fil azal take nan. Tsofaffin matanmu sun ga amfaninta suka karɓa. Ke nan ba su ƙin sabon abu, in dai an kawo musu shi da ladabi, sun kuma gani da idonsu.

To, ina mafita? Shawararmu ga maigida ita ce, kada ya shiga da faɗa ya fasa tukunyar uwarsa, don za a jiƙa wata a ɓoye, ɓoyon kuwa ya fi haɗari. Ya zauna da tsohuwa ya ce, "Inna, mu haɗa biyu. Ki riƙe addu'a da abinci da kula da ita, awo kuma a bar wa asibiti." Ya tambayi sunan kowane itace da ke cikin jiƙon, ya sa matarsa ta gaya wa malamar asibiti ba tare da tsoro ba. A watanni uku na farko, lokacin da ake halittar gaɓoɓin yaro, kada ta sha kome sai da sanin likita. Duk abin da aka ce yana kawo naƙuda ko yana wanke ciki, a nisance shi. Magungunan gargajiya na kwalba da ake talla da lasifika a kasuwa kuwa, ko da an ga lambar hukumar NAFDAC a jiki, wannan lamba ba shaida ba ce cewa sun dace da mai ciki.

Sa'an nan ya kai ta awo tun ciki yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8. A can za a auna jininta, a duba kwanciyar yaro, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓi da allurar sarƙe-haƙora. Ya ware kuɗin haihuwa tun wata na biyar, kamar yadda ya ke ware na ragon suna, don rago ba shi da amfani in mai jego ba ta nan. Ya san direban da zai kira da tsakar dare. Abin da ya fi kome kuwa, ya tara matan gida ya ba da izni tun yau, ya ce ko yana nan ko ba ya nan, in an ga jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ya fashe ba naƙuda, ko yaro ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12, a ɗauke ta a tafi, kada a jira shi.

Ga ma'aikatan asibiti, roƙonmu shi ne in mace ta ce ta sha jiƙo kada a yi mata tsawa, don in an yi, ta gaba ba za ta faɗa ba. Ga hukuma kuwa, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Abu ne mai kyau, amma sai labarinsa ya kai ƙauye, sai kuma an sami ungozoma mai ilmi a ɗakin shan magani na gunduma dare da rana. A jawo ungozomomin gida a jiki, a koya musu alamun haɗari, a girmama wadda ta rako mai naƙuda da wuri. Jami'o'inmu kuma su ɗauki itatuwan nan ɗaya ɗaya, sabara da rawaya da maɗaci da sauransu, su auna su kamar yadda aka auna baƙin garin nan na Turai, a san wanda za a riƙe da wanda za a bari.

Ku malamai da ma'aikata, ku ne masu karatu a unguwanninku, ku ake kawo wa takarda a karanta, abin da aka gani a gidanku shi maƙwabta za su kwaikwaya. In matar malam ta je awo ta haihu lafiya, goma za su bi ta. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.